Jawabi a Kan Kiwon Kifi Mai Tsaron Iyaka

A cikin tekuna masu ɗumi, har da Bahar Maliya wadda Jidda ke bakinta, akwai wani ɗan kifi mazaunin duwatsun murjani, Turawa na ce masa damsal. Danginsa sun fi iri 300. Waɗansunsu manoma ne, watau sukan keɓe wuri a jikin dutse su reni gansakuka. Wanda duk ya ƙetare iyaka sai su far masa, ko da ya ninka su girma.

Hakimai da malamansu sun san abin da rikicin iyakar gona ke jawowa. To, a cikin akwatin gilashi abin ya fi muni, gama wanda aka kora ba shi da wajen gudu, yakan daina cin abinci har ya mutu.

Saboda haka lalle mai kiwo ya jera duwatsu da yawa, kowane kifi ya sami maɓoya. Ruwan a haɗa shi da gishirin teku, ba na miya ba, kimanin giram 35 a kowace lita. Damsal kuwa shi za a saka daga ƙarshe, bayan sauran sun zauna. In faɗa ya tashi duk da haka, sai a sake jerin duwatsun, tsohuwar iyaka ta ɓace, kowa ya nemi sabon wuri.