Eriyar Mota Mai Tashi da Kanta

Duk mai tsohuwar Marsandi ko Toyota Camry ƙirar shekarun 1990 ya san eriyar nan da ke miƙewa da kanta da zarar an kunna rediyo. Ƙaramin injin lantarki ne ke tura ta sama da wata igiyar roba mai haƙora.

Da wayoyi uku ake haɗa ta, ban da kebul ɗin da ke kai sigina ga rediyo. Ja tana ɗauko wutar batir mai volt 12, baƙa a ɗaure ta da ƙarfen jikin mota, shuɗiya kuwa daga bayan rediyo take fitowa, ita ke ba da umarnin tashi. Idan mai wayarin ya haɗa jar da wutar makulli, eriya za ta kwana a tsaye bayan an kashe mota.

In an ji gurnanin inji amma sandar eriyar ba ta motsa ba, haƙoran igiyar sun cinye, sanda da igiyarta kawai za a sauya. In shiru ne, a fara duba fis.

Ƙurar hunturu ma tana maƙale ta. Gara a riƙa goge sandar da tsumma mai tsabta maimakon shafa mata giris, don giris tara ƙasa yake.