Kafin A Kwance Inji, A Saurare Shi

(Jawabin da wani ɗalibin sashen injiniya ya gabatar a zauren taron ƙungiyar ɗalibai)



A hutun da ya wuce na tarar da kawuna cikin baƙin ciki. Injinsa na ban ruwa yakan tashi lafiya da safe, amma da ya ɗau zafi sai ƙarfinsa ya ragu, ya mutu. Wani bakanike ya kwance shi kaf, ya sa aka sayo fistan da ringi, ciwo kuwa yana nan. Kafin a gano bawul ɗin hayaƙi ne ya matse, rabin tattasan kawu ya bushe. Gyaran da ya warkar da shi bai ci minti 20 ba.

Jama'a, irin wannan inji, wanda Nikolaus Otto na Jamus ya kammala a 1876, numfashi yake yi kamar ɗan Adam. Yakan shaƙi iska da fetur, ya matsa su, wuta ta kama, sa'an nan ya fitar da hayaƙi. Ƙofofin numfashin su ne bawul biyu da ke kan silinda. Kamshaf ke buɗe su, yana juyi ɗaya duk sa'ad da kiranshaf ya yi biyu. In wannan lissafi ya goce ko da haƙori ɗaya ne, sai ƙarfi ya tafi, tashi ya yi wuya, wani lokaci inji ya riƙa tari ta kafireta.

To, in an tabbata fetur na zuwa, fulogi na ba da wuta, sai a fara da abu mafi araha, watau tazarar bawul. Ana auna ta inji na sanyi, fistan yana can sama, bawul duka a rufe. A tsohon samfurin Honda GX160, milimita 0.15 ce ga na shaƙa, 0.20 ga na hayaƙi. In ta yi yawa za a ji ƙas-ƙas. In ta yi kaɗan, ƙarfe yakan miƙe da zafi, bawul ya kasa rufuwa, daga bisani ya ƙone. Ciwon injin kawu ke nan.

Na biyu, taimin. A cire fulogi, a juya inji da hannu. Daidai lokacin da fistan ya kai sama bayan fitar hayaƙi, ya kamata a ga bawul ɗaya na rufuwa, ɗayan na buɗuwa. In ba haka ba, a duba ɗigon da ke jikin giyoyin biyu ko sun haɗu. Injin giya ba ya cika gocewa sai in an taɓa kwance shi, amma a babur mai cen, cen da ya saki yakan tsallake haƙori.

Na uku, matsi. In ya yi rauni, a ɗiga ɗan baƙin mai ta ramin fulogi, a sake gwadawa. In ya ƙaru, laifin ringi ne. In bai ƙaru ba, a tuhumi bawul ko gaskit. Sai a nan ne ya halatta a cire kan silinda. A kife shi, a zuba kananzir a kan bawul, duk wanda ya yi yoyo yana bukatar wasawa. A aza miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa a ga ko zafi ya lanƙwasa shi. Wajen mayarwa kuma a sa sabon gaskit, a ɗaure notuna a gicciye, kaɗan-kaɗan.

'Yan'uwa, gobe waɗansunmu ne za su zauna a ofis suna sa hannu a takardun sayen injuna da gyaransu. Wanda bai san waɗannan gwaje-gwaje uku ba, duk kuɗin da aka rubuta masa sai ya biya, talaka kuma ya ɗauki asara. Rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka ina roƙonku, in an yi hutu, kowa ya je ya tsuguna a gindin bakaniken garinsu. Shi yana da hannu da kunne, mu muna da lissafi, sai mun haɗa su gonar kawu za ta sha ruwa.