A Gwada Kafin A Baza: Jawabi Ga Iyaye Da Malaman Manchok



A 1971 Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta soma shirin kyautata ilmin firamare a jihohin Arewa shida, da taimakon UNICEF da UNESCO. Makarantu 66 kacal aka fara da su, malamai masu zagayawa suna bi suna duba aikin, sa'an nan aka faɗaɗa. A wasu jihohi da Hausa aka fara wa yara, a wasu da Turanci.

To, a nan ne zancen ya shafi Manchok. Ɗan Moro'a da Sholio ya buɗe baki, Hausa kuwa daga baya ya tsince ta. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko na yankin. Wanne ke nan a Manchok? Sakamakon Kano ba zai amsa ba.

Dokar 2004 ta keɓe wa ilmin tushe kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya. Ya wajaba wani abu daga ciki ya tafi ga gwaji a ajujuwan Ƙaramar Hukumar Kaura: a auna karatun yara kafin a soma da bayan an gama, a karanta wa iyaye sakamakon, ko da bai yi daɗi ba.