Agogon Zafin Man Inji: Yaushe Ya Kamata Mai Babur Ya Tsaya?

  Yau maganarmu a kan babur ce, wanda 'yan uwanmu na Nijar ke ce wa moto. Za mu yi bayani a kan wani ɗan agogo da ake saye daban a ɗaura wa babur, wanda ke nuna zafin man inji. Mene ne amfaninsa, yaya ake karanta shi, kuma a ina yake iya yaudarar mutum?

Mu fara da shi kansa injin. Baburan da muka fi hawa a wannan yanki, irin su Bajaj Boxer da TVS da Haojue da Kasea, ba su da tankin ruwa irin na mota. Abu biyu ne ke sanyaya su: iska da mai. Waɗannan ƙarafa masu kama da haƙarƙari da kuke gani a jikin inji ba ado ba ne, ta nan iska ke kwashe zafi. Shi kuwa man da ke ciki, wanda wasu ke ce wa baƙin mai, wasu man juye, bai wuce kimanin lita ɗaya ba. Wannan lita ɗayar ce ke shafe fistin da ringi, ita ce ke jiƙa giya, a cikinta kuma kulochi yake wanka. Aiki uku a kan mai ɗan kaɗan.

To ku dubi irin aikin da muke sa babur. Ranar Alhamis mutum ya ɗauro raguna biyu ko buhu uku ya nufi kasuwar Maigatari. Wani ya taso daga Maraɗi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, wani daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, wani kuma ya ratsa daji da jarkokin ruwa da buhun dusa zuwa mashekari. A watan Afrilu da Mayu zafin rana a waɗannan wurare yakan haura digiri 40. Idan aka shiga rairayi sai a koma giya ta ɗaya ko ta biyu, inji na kuka, babur na rarrafe. A nan matsalar take: inji na aiki iyakar ƙarfinsa, amma iskar da za ta sanyaya shi ba ta zuwa, domin ba a gudu. Shi ya sa kilomita biyar a cikin yashi da kaya ya fi dafa mai a kan kilomita hamsin a kwalta.

Me ke faruwa idan mai ya yi zafi fiye da ƙima? Yakan tsinke, ya koma kamar ruwa, ya kasa tsayawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Daga nan fistin ya fara gogar silinda, ringi ya cinye, babur ya fara hayaƙi da shan mai. In abin ya yi tsanani sai inji ya buga, a tsakar daji, da dabbobi a ɗaure a baya. Ko da bai buga ba, zafi na tsufar da mai. Masana harkar mai suna da wata ƙa'ida: idan mai ya riga ya yi zafi, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewarsa kusan sau biyu. Wato man da zai kai ka wata guda lafiya, sai ya mutu tun kafin lokacin juye.

Makiyayi ya san wannan a jikin dabba. Kana iya taɓa kunnen saniya ka ce jikinta da zafi, amma sai likitan dabbobi ya sa ma'auni sannan za a san ko tana kan 38 da rabi, wato lafiyarta lau, ko ta haura 40. Haka inji yake. In ka sa hannu kullum zafi za ka ji, lafiya ko ba lafiya. Agogo ne ke rarrabewa.

Iri uku aka fi samu. Na farko, kuma mafi sauƙi, shi ne wanda ake cire murfin zuba mai a ɗaura shi a madadinsa. Yana da fuska kamar agogon hannu da ɗan tsinken ƙarfe da ke nutsewa cikin mai. Ba ya son batir, ba ya son waya. Na biyu mai lambobi ne, ana sa kansa a wajen notin juye mai a ƙarƙashin inji, a jawo waya zuwa kan babur, kana tafiya kana gani. Na uku wani zobe ne da ake sa wa a ƙarƙashin fulogi, wato buji. A kula da wannan na ukun: ba zafin mai yake aunawa ba, zafin kan inji yake aunawa, kuma kan inji ya fi mai zafi nesa ba kusa ba. Kada ka ga ya nuna 150 ka ce mai ya ƙone. Lambobin da za mu faɗa yanzu na mai ne kawai.

Ga lambobin, a riƙe su da kyau. Daga 80 zuwa 110, inji na cikin jin daɗinsa. Daga 110 zuwa 120, an fara matsa masa, sai a sassauta hannu. In allura ta haura 120 ta zauna a can, to a nemi inuwa a tsaya. In kuwa ta doshi 140, ba maganar lallaɓawa, a kashe nan take. Sannan a duba harafin da ke fuskar agogon. In C ne, to waɗannan lambobi ne. In F ne, awon Amurka ke nan: 100 a C shi ne 212 a F, 120 kuma ya kama kusan 250. Kada mai agogon F ya ga 200 hankalinsa ya tashi, injinsa lafiya yake.

Akwai kuma ɓangaren sanyi da mutane ba su cika kulawa da shi ba. Da asubahin hunturu mai yakan yi kauri, bai gama zagaya inji ba. Mai hanzarin kai nono kasuwa sai ya tayar ya murɗe totur gaba ɗaya. Wannan ma cin inji ne. A ba shi minti ɗaya ko biyu, a tafi a hankali har allura ta tashi zuwa wajen 60, sannan a buɗe wuta. Mai na bukatar ya yi zafi sosai domin raɓar da ke taruwa a ciki ta ƙone ta fita. Babur da kullum gajeriyar tafiya yake yi, za ka ga mansa ya yi fari-fari a murfi. Ruwa ne ya gauraya da shi.

Yanzu wajen saye. Ka tafi da murfin babur ɗinka na asali, domin zaren murfi ba iri ɗaya ba ne, na Boxer ba lallai ya hau Haojue ba. In aka tilasta shi, zaren inji ne zai lalace. A gwada tsawon tsinken da sandar awon mai ta asali: in ya gaza ba zai taɓa mai ba, in ya zarce zai iya taɓa abin da ke juyawa a ciki. A tabbata akwai robar da ke hana yoyo. Kafin a ɗaura, ga gwaji wanda ko a ruga za a iya yi: a tafasa ruwa a butar shayi, a tsoma tsinken kawai, ban da fuskar. Ya kamata ya nuna kusan 100, ko ya gaza da ɗaya ko biyu. In ya nuna 80 ko 120, mayar wa mai shi, maƙaryaci ne. Mai waya kuma bakanike ya ɗaura, a ɗaure wayar nesa da salansa, a kuma tuna cewa ƙarƙashin inji ne ke fara haɗuwa da kututture da dutse.

To ga inda agogo ke yaudara, kuma wannan ne muhimmin abin da muke so ku tafi da shi. Agogon na auna abin da tsinkensa ya taɓa ne. In mai ya ragu har tsinken ya tsaya a iska, allura za ta sauka ta nuna sanyi, alhali inji na ƙonewa. Saboda haka in kana cikin yashi da kaya, rana tsaka, ka ga allura ta faɗi ba dalili, kada ka yi murna. Tsaya ka duba mai. Kuma yawancin irin na murfi ba su da zanen da ke nuna yawan mai, don haka kada ka yar da sandar asali. Ajiye ta cikin kayan aiki, kowace safiya ka auna da ita, babur a tsaye daidai a wuri mai lebur. Sannan irin na murfi yana can ƙasa kusa da ƙafa. Kada a sunkuya kallonsa ana tafiya. A tsaya, a duba nan da nan kafin ya huce.

Abu na gaba, ka san lambar babur ɗinka. Mako na farko ka riƙa dubawa: nawa yake nunawa a kwalta ba kaya, nawa da kaya, nawa a yashi? In hanyar da kullum kake isa da 95 yau ta kai ka 115, kaya iri ɗaya, rana iri ɗaya, to akwai magana. Duba ko taɓo ya toshe haƙarƙarin inji. Duba ko buhu ko jarka ko ledar da aka ɗaura a ƙarfen kare ƙafa ta tare iska. Wataƙila kulochi ne ke zamewa yana dafa mai. Wataƙila birki ne ke kamawa, ko iskar taya ta ragu. Wataƙila kuma an matse kafireto don tsimin fetur, domin injin da fetur ya yi masa kaɗan zafi yake yi, za ka ga bakin fulogi ya yi fari fat. Ko kuwa man ne ba na kirki ba. Man kwalba na bakin hanya ba ka san abin da aka zuba ba. A sayi na rufe, mai kaurin da littafin babur ya ce, wanda a ƙasashenmu masu zafi galibi 20W-50 ne. A duba kuma alamar JASO MA a jikin galan, ita ke nuna ya dace da kulochin babur. Araha dai ba ta ado.

In allura ta haura, me za a yi? A tsaya a inuwa, a kashe inji, a juya shi ya fuskanci iska, a ba shi minti goma sha biyar zuwa ashirin. Barinsa a kunne a tsaye ba ya sanyaya shi, ƙara masa zafi yake. Don haka ko a shingen kwastan ko na duwan, in layi ya yi tsawo, kashe shi. Kuma don Allah a daina kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi. Ƙarfe mai zafi in ya sha sanyi farat ɗaya yana iya lanƙwashewa ko ya tsage, a je ana neman sauƙi a jawo aikin gareji. Wanda zai yi doguwar tafiya da kaya a bazara, ya yi sammako ko ya bari rana ta karya, kamar yadda ake yi wa garke.

Jama'a, agogon nan ba ya rage zafi ko da digiri ɗaya. Gaya maka kawai yake yi, tsayawar kuma taka ce. Minti ashirin a gindin bishiya ya fi kwana uku a wajen bakanike, kasuwa ta ci ba kai. Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa.

A nan za mu dakata. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa mai albarka, ya ƙara wa dabbobi lafiya. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba. Mu kwana lafiya.