A Tambayi Masoyan Cikin Littafi



Da farko ina neman gafara, domin abin da na zo da shi ba ya cikin manyan batutuwan da aka saba kawowa wannan zaure. Waɗanda suka riga ni tsayawa a nan sun yi magana a kan tattalin arziki da makomar ilmi. Ni kuwa soyayya na kawo, soyayyar ma ta cikin littafi, kuma ta ban dariya. Wanda ya ga abin ya yi masa ƙanƙanta, ina roƙonsa ya ba ni aron hankalinsa na ɗan lokaci, in na gama sai ya yanke hukunci.

Ni mutumin Baturiya ne, cikin Ƙaramar Hukumar Kirikasamma a ƙasar Haɗejiya. Wanda bai san wurin ba, fadama ce mai faɗi wadda Kogin Haɗejiya ke malala cikinta, mutanenta masunta ne da manoma da makiyaya. Da sanyi tsuntsaye sukan taso tun daga Turai su sauka a wurinmu, har a 2008 aka sa dausayin Baturiya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya. Baƙi sukan zo da madubin hangen nesa su ƙirga dinya da kirinjijiya su koma. Ba wanda ya taɓa zuwa ƙirga littattafai, amma fa suna nan. Littafi ɗaya yakan fito daga Kano ko kasuwar Haɗejiya, ya yi ta yawo daga wannan ɗaki zuwa wancan, har bangonsa ya yage, sunan marubucin ya ɓace.

A wani hutu aka miƙo mini irin wannan littafi, aka ce in karanta wa matan gidanmu bayan cin tuwo. Na fara. Yarinyar cikin littafin ta yi kuka a shafi na biyu, ta sake a na biyar, a na tara kuwa har ta suma. Ina cikin karatu da murya mai ban tausayi, sai gwaggona ta katse ni, ta ce, "Kai ɗan nan, dakata. Wai ita wannan yarinya ba ta da aikin yi ne? Wa ke yi mata daka?" Tsakar gida ta ɗauki dariya. Daga nan fa karatu ya tsaya, tambayoyi suka ɓarke. Shi saurayin mece ce sana'arsa, da kullum yana cikin mota? Nawa ya ba ƙanenta da ya kira masa ita? Na duba littafin gaba da baya, ban sami amsa ko ɗaya ba. Amma daren nan an yi nishaɗin da marubucin bai shirya ba, kuma washegari 'yan mata uku suka zo aron littafin. Wannan shi ne asalin jawabina.

Bari mu ɗan koma baya. A 1933 Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai daga Zariya, kuma cikin littattafan da suka fito a wannan zamani akwai guda biyu da nake so ku riƙe. Ɗaya shi ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, na 1934, wanda har gobe abin da ake tunawa da shi shi ne yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna wayo da ƙeta, mai karatu yana riƙe da ciki. Ɗayan kuwa Jiki Magayi ne na John Tafida da shi East ɗin, inda mai kuɗi ya raba Abubakar da Zainab, ramuwar gayya ta biyo baya, aka ƙare da zubar da jini. A ganina tun daga nan aka yi rabon gado: dariya ta bi 'yan yawon duniya, soyayya ta bi masu hawaye.

Da aka daɗe, a 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed. Bayansa ƙofa ta buɗe, matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, musamman a Kano, har Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi shekaru ana muhawara a jaridu tsakaninsa da su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho. A farkon shekarun 1990 kuma Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, inda Sumayya ta faɗa rijiya don an hana ta Muhammad. Kada wani ya fita daga nan ya ce na raina hawayen waɗannan littattafai. Hawaye ne na gaskiya, domin auren dole ba ƙage ba ne, ita Balaraba ma da ƙuruciyarta aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure. Kuma ban ce babu raha ko kaɗan ba. Wanda ya karanta Alhaki Kwikwiyo ya san marubuciyar ta iya zolayar namiji mai ɗagawa. Kukana da 'yan baya ne, waɗanda suka gaji hawayen ba su gaji dalilinsa ba. Yau littattafan sun koma cikin waya, ana tura su ta WhatsApp, ana sauraronsu a YouTube, amma sau da yawa yarinyar nan tana nan tana suma a shafi na tara.

Abin mamaki shi ne, Bahaushe a rayuwarsa ba haka yake tafiyar da sha'anin so ba. Kunya ta hana shi faɗin abin kai tsaye, sai ya bi da shi ta hanyar wasa. Kaka takan kira jikanta mijinta, ta yi masa gorin bai kawo cefane ba. Taubasai sukan yi wa juna tsiya a kan wa zai auri wa. Bafulatani da Babarbare, waɗanda a ƙasarmu kasuwa ɗaya suke ci, in sun haɗu kowa yakan ce ɗan'uwansa bai isa a ba shi mata ba. Ku dubi kuma sayen baki. An kai amarya, ta rufe fuska ta yi gum, ƙawayenta sun ce ba ta magana sai an biya. Abokan ango su taya, ƙawaye su ce albarka, a yi ta jifan juna da magana har dare ya raba. A cikin wannan ciniki na wasa ake gaya wa ango gaskiyar da ba mai iya gaya masa da rana: cewa an san rowarsa, an san zafin ransa, kuma yarinyar nan tana da masu tsaya mata. Duk wannan dukiya tana zube a ƙofar gida, marubucinmu ya tsallake ta ya tafi aron gidan sama da asibitin ƙasar waje.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan hali ba. A Ingila, a 1813, Jane Austen ta buga Pride and Prejudice, labarin wata uwa mai 'ya'ya mata biyar wadda ba ta da zance sai na aurar da su. Ana karantawa ana dariya, alhali kuwa abin da ke ƙarƙashin dariyar mai nauyi ne, domin in uban ya mutu gidan da suke ciki wani dangi namiji zai gaje shi. Fiye da shekara 200 ke nan ba a daina karanta shi ba.

To, ga shawarar da na zo da ita, kuma daga bakin gwaggona na ɗauko ta. In marubuci ya ƙago masoyansa, kafin ya kai su kasuwa, ya zaunar da su ya yi hira da su kamar yadda ɗan jarida ke yi da mutum mai rai, sa'an nan a buga hirar a mujalla irin tamu, ko a karanta a rediyo. Amfaninta na fili shi ne talla. Mai sayar da littafi ba ya iya ba ka labarin duka, in ya ba ka ya kashe cinikinsa. Amma hira takan ɗanɗana maka muryar mutanen ba tare da ta tona ƙarshen labari ba, kamar mai tsire da ke miƙo maka yanka ɗaya a bakin wuƙa. Akwai kuma wani amfani da ya fi wannan, wanda marubucin kansa zai ci. Mutumin littafi in yana da rai, ka tambaye shi abin da ba ka rubuta ba zai amsa. In kuwa gunki ne ka sassaƙa, sai ya yi maka shiru, ko ya maimaita maka zancen zuciya da ƙoƙon rai da ka riga ka cusa masa. Sai dai a kiyaye da irin tambayar. Kada a ce masa mene ne so, don wa'azi zai yi maka. A tambaye shi nawa ya kashe a toshin salla, da abin da ya yi ran da ya je zance ya tarar da wani a kan tabarmarsa. A kuma bar shi ya yi ƙarya, domin ƙaryar masoyi ta fi gaskiyarsa bayyana shi.

Don kada a ce na faɗa ban gwada ba, ina da wani labari da nake rubutawa, a Baturiya yake faruwa. Mutum uku ne a ciki, ban raɗa musu suna ba tukuna. Akwai saurayi masunci, akwai akawu da aka turo daga Dutse ya rako masu ƙirga tsuntsaye, sai yarinya mai sayar da kifi a bakin tasha, wadda in ka yi mata zancen soyayya takan ce soyayyar tarwaɗa ko ta karfasa.

Na fara da masuncin. Na ce, "Malam, yaushe ka fara sonta?" Ya ce, "Wa ya ce maka ina sonta?" Na ce, "To me ke kai ka ƙofar gidansu kullum bayan isha'i?" Ya ce, "Hanyar kogi ce." Na ce, "Ai kogi na gabas, gidansu na yamma." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Kacala ta toshe ta gabas." Waɗanda suka fito daga yankinmu sun san kacala, ciyawar nan da ta cinye mana hanyoyin ruwa ta hana kwalekwale wucewa. Ban taɓa jin ta toshe hanyar ƙasa ba sai a bakin wannan bawan Allah.

Na je wurin akawu. Na ce, "Ranka ya daɗe, an ce ka rubuta mata wasiƙa." Ya gyara wuyan riga, ya ce, "Shafi uku, har da Turanci." Na ce, "Ta isa hannunta kuwa?" Ya ce, "Ta isa, don na ga takardar da idona." Na ce, "A ina?" Ya ce, "A ciki ta ƙunso mini kifi."

Sai na zo kan yarinyar, ina tsammanin nan ma dariya za a yi. Na ce, "Ƙanwata, cikin biyun nan wa kike so?" Ta juya kifinta a kasko, ta ce, "Yaya, tambayar gaske ce ko ta littafi?" Na ce, "Me ya sa?" Ta ce, "Don kai ne na farko da ya tambaye ni. Baba ya tambayi kawu, kawu ya tambayi mai unguwa, mai unguwa ya tambayi albashin akawu." Na ce, "To yau ga shi na tambaya." Ta ce, "Wanda zai bar ni in ƙare makaranta." Na ce, "Wanne ke nan?" Ta ce, "Je ka tambaye su mana. Ba kai ne mai tambaya ba?"

Jama'a, ban zauna da niyyar rubuta wannan amsa ba. Labarin da na tsara na gasa ne tsakanin maza biyu, yarinyar kuwa kyautar da za a miƙa wa wanda ya ci. Sai da na buɗe mata baki na gane cewa ni ma, da nake ganin kaina ɗan jami'a, na yi mata abin da kawunta ya yi. Dole na yage babi huɗu.

Na san akwai mai cewa duk wannan ɓata tarbiyya ne. Maganar ba sabuwa ba ce. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a bisa wannan zargi. Ba na musun cewa akwai na banza a cikinsu, kamar yadda akwai ruɓaɓɓen kifi a kowace kasuwa. Amma wutar ba ta hana 'yan mata karatu ba, ɓoyo ta koya musu. Littafin da ake karantawa a ɓoye ƙarƙashin mayafi, yarinya ita kaɗai take haɗiye shi, mai kyau da maras kyau. Wanda ke da dariya kuwa ba ya ɓoyuwa, don dariya ba ta son kaɗaici. Sai an fito da shi tsakar gida, inda gwaggo za ta ji ta sa baki. Iyakar abin da zan ja kunnenmu a kai shi ne wanda za a yi wa dariyar. Ba talaka don talaucinsa ba, ba baƙauye don harshensa ba. Girman kai da rowa da cika baki sun ishe mu abin dariya har mu tsufa, kuma ba sai mun fita daga harabar jami'ar nan neman su ba.

Saboda haka ina roƙon editocin mujallar ƙungiyarmu su ware shafi biyu a kowace fitowa domin irin wannan hira. Duk mai labari a ƙarƙashin katifa, ko mai turawa ta waya, ya kawo masoyansa a yi musu tambayoyi, a sa sunan littafin da inda ake samunsa a ƙasa. 'Yan'uwanmu mata, waɗanda su ne suka fi yawa cikin masu rubuta waɗannan littattafai da masu karanta su, har Sashen Hausa na BBC ya buɗe musu gasar Hikayata a 2016, ina ganin su ya kamata su riƙe wannan shafi, don sun fi mu sanin tambayar da ke sa saurayi gumi. Ni zan kawo tawa hirar cikakkiya in an ba ni wuri, sai dai da giɓi ɗaya. Akwai wata gwaggo a labarin wadda har yanzu ta ƙi yarda in yi hira da ita. Ta ce sai na sayi baki, kuma ba ta karɓar alkawarin ɗalibi.