Lissafin Cike Gurbi

Yau hirar tamu ta lissafi ce. Hajiya kada ki murɗe rediyon tukuna, ba jarrabawa zan yi miki ba.

Wasunku suna da 'ya'ya mata da ke karatun lissafi a jami'a, a Zariya ko Bayero ko Sakkwato. In yarinya ta zo hutu ta baje takardu, kika ga lambobi da haruffa a cakuɗe, sai ki ce wannan kuma me zai tsinana mata? To bari in ɗanɗana miki darasi ɗaya daga cikin nasu, mu kira shi lissafin cike gurbi.

Ɗauko katin awon jaririnki. A ce yana wata 4 an auna shi kilo 6, yana wata 6 kilo 7, amma a wata na 5 ba ki samu kai shi asibiti ba. Nawa ne nauyinsa a lokacin? Za ki ce shida da rabi mana. Madalla, kin ja miƙaƙƙen layi tsakanin awo biyu kin karanta tsakiyarsa, kuma daga nan darasin yake farawa.

Sai dai girman yaro ba ya tafiya a miƙe. Yana sauri a watannin farko, sannan ya lafa. Da rabin kilon nan zai dinga ƙaruwa kowane wata, da ɗan shekara 20 ya haura kilo 120! Shi ya sa ake koya musu fitar da lanƙwasasshen layi da zai bi ta kan kowane awo. Brahmagupta na Indiya ya rubuta irin wannan dabara tun shekarar 665, daga baya Newton na Ingila ya faɗaɗa ta, Lagrange kuma ya wallafa tasa hanyar a Faransa a 1795.

Ni a ganina inda karatun ya fi daraja shi ne auna kuskure. Kintace kowa na yi, amma ita ana so ta faɗi iyakar nisan da kintacenta zai iya yi da gaskiya. Wani Bajamushe, Runge, ya nuna a 1901 cewa wani lokaci ƙara yawan awo masu tazara ɗaya sai ya sa layin ya haukace a gefe da gefe. Ba ƙaramin abu ba ne: an ƙidaya 'yan Nijeriya a 1991, ba a sake ba sai 2006, yawan jama'a na shekarun tsakani kuwa sai dai a kintata.

Aikin yana son natsuwa, lamba ɗaya ta kuskure shafi guda ya lalace. Don haka in kin ga ta duƙufa da dare, a bar mata fitilar, wanke-wanken nan ƙannenta su yi. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a gaida maigida da yara.