Lamba Mai Alƙaluma Ashirin



Ibn Khallikan, malamin tarihi na ƙarni na 13, ya kawo labarin wani mai hikima a Indiya da ya ƙirƙiro wasan shaɗaranji, wata irin dara mai gidaje 64. Sarki ya ce ya faɗi tukuicinsa. Sai ya roƙi ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gidan ƙarshe. Sarki ya raina roƙon. Jimillar kuwa ita ce 18,446,744,073,709,551,615. A tara duk hatsin da aka taɓa aunawa a kasuwar Shuwarin, a haɗa da na Maigatari, ko kusa ba a yi ba.

Yawan nan shi ke burge mutane, amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda lambar ke rabuwa.

Mu kawo ta gida. Tana ƙarewa da 5, saboda haka masarautunmu biyar, Dutse da Haɗeja da Kazaure da Gumel da Ringim, za su raba ta daidai wa daida. Alƙalumanta in an tara su 87 ne, wanda 3 ke rabawa, don haka shiyyoyin sanatocinmu uku ma ba rigima. Amma 9 ba ta raba 87, ke nan ƙananan hukumomi 27 ba za su samu daidai ba: ƙwaya 24 ce za ta rage, kuma na san za a kafa kwamiti a kanta.

In aka ci gaba da farfasa ta har a kai ga lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, bakwai ake samu: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417. Ku cire ɗaya daga 3, 5, 17, 257 da 65,537, za ku ga 2, 4, 16, 256, 65,536, kowacce ta gabanta ce aka ninka da kanta. Fermat, Bafaranshe, ya ga 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk ba sa rabuwa, sai a 1640 ya yi zaton ta shida a jerin, 4,294,967,297, haka take. Misali biyar ba hujja ba ne a lissafi. A 1732 masanin lissafi Euler ya nuna 641 na raba ta, a samu 6,700,417. Nan ragowar biyun suka fito.

A 1732 ɗin ne kuma Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta hanyoyin tsara hatimi, irin wanda jimillar kowane layi ke zuwa ɗaya.

Masu karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse sun san jimillar alkamar nan ta wata ƙofa. Ita ce mafi girma da gurbi mai bit 64 ke iya riƙewa. A ƙara mata ɗaya, ƙidayar ta koma sifili.